Rabin Dukiyar Wa, Alhaji?

Ka ce kai ba za a yi da kai ba? Ka ce zamani ya lalace, mace ta shigo gidanka da akwati ɗaya, ta fita da rabin abin da ka tara? Sannu da ƙoƙari, Alhaji. Gyara zama mu lissafa abin da ka tara tukuna. Babur ɗaya, wanda in sanyi ya sauko sai yara sun tura yake tashi. Fili a bayan Shabu, da kai da ƙannenka kuna ta ja-in-ja a kansa tun rasuwar tsoho. Albashin da ke sallama da kai tun goma ga wata. Wannan ce dukiyar da ake ƙulle-ƙullen rabawa biyu? Babur ɗin za a tsaga, ita ta ɗauki tayar gaba, kai ka riƙe ta baya?

Ka ce ai ka gani a waya, mai kamfanin Amazon ma haka aka yi masa? Ka gani, ban musa ba. A 2019 Jeff Bezos ya rabu da matarsa MacKenzie, ta tashi da kashi 4 cikin 100 na kamfanin, abin da ya haura dala biliyan 35. Amma a jihar Washington ta Amurka aka yi wannan, ba a Tudun Gwandara ba. Can ma jihohi tara ne kacal cikin hamsin ke ɗaukar duk abin da aka samu cikin aure a matsayin na miji da mata tare. Kuma don ka ji daɗi, baiwar Allah ba ta ɗauki rabi ba, kashi ɗaya cikin huɗu na hannun jarinsu ta karɓa ta yi gaba. A 2023 kuwa da aka baza labarin wai ɗan ƙwallon Maroko Achraf Hakimi ya sa dukiyarsa duka da sunan mahaifiyarsa, har yau ba wanda ya nuna takardar kotu ko ɗaya, amma kai ka yi ta tafi kana cewa namiji ke nan. To bismilla, tafi ka rubuta babur da sunan Inna.

Bari in kwantar maka da hankali kafin in tayar maka da shi. Babu wata doka a Najeriya da ta ce a raba dukiyar miji biyu ranar saki. Babu ita a Lafiya, babu ita a Keffi, babu ita a Akwanga. Kana ta gudun abin da bai biyo ka ba, ga kuma mai binka bashi na gaskiya zaune a zaurenka ka ƙi yi masa sannu.

A garin nan ƙofar aure uku ce, kuma wadda ka shiga ta ita za ka fita. Akwai auren Musulunci, akwai na al'ada, akwai na rajista wanda mutane ke ce wa auren kotu. Tsarin mulkin 1999 ya riƙe na rajista a hannun tarayya, ya bar sauran biyun ga jihohi da kotunansu. Mai auren Musulunci kotun yanki zai je gaban alƙali, in bai gamsu ba ya wuce Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a da ke nan Lafiya. Mai na al'ada shi ma yana da tasa kotun ɗaukaka ƙarar. Mai rajista sai Babbar Kotun Jiha.

Ka ce Nasarawa ba jihar shari'a ba ce, don haka ba ruwanka? Kai, Alhaji, ashe kana karatun jarida! Gaskiya ne, ba ta cikin jihohi goma sha ɗayan da suka bi sahun Zamfara. Sai dai wancan batun haddi ne da hukuncin laifi. Aure da saki da riƙon yara da gado na Musulmi, sashe na 277 na tsarin mulki ya damƙa su ga kotun shari'a, kuma tun muna ƙarƙashin Filato, kafin a yanke mana jiha a 1996, da littattafan Malikiyya alƙalai ke yanke su: Risala, Muhtasar na Halil, Tuhfa. Littattafan da kake ɗora hannu a kansu kana cewa mu dai a bar mu da addininmu. An bar ka da shi. Buɗe mu karanta.

Farko, idda. Kai a wajenka saki takarda ce mai layi biyu da za a ba yaro ya miƙa, a haɗa da kuɗin acaɓa. Tattara ki tafi gidanku. To ayar farko ta Suratuɗ Ɗalaƙi, wadda ka haddace tun kana allo, ta hana a fitar da ita daga ɗakinta, ta kuma hana ta fita. Saki ɗaya ko biyu, matarka ce har ta yi tsarki uku: cinta, shanta, suturarta, wurin kwananta, duk a wuyanka. Ka ce ai ita ta tafi da ƙafarta? Wani lokaci haka ne, kuma iyayen mata ma suna da nasu laifin, da an ce saki sai a aiko mota a kwashe kaya kamar gobara ta tashi. Amma tsakaninka da Allah, da ta ce za ta zauna, ta ci gaba da karɓar kuɗin cefane wata uku tana kallonka kana kallonta, da ka yarda? Ka yi shiru. Na ji amsar.

Ka ce shi ya sa kai uku kake dankarawa gaba ɗaya, a huta? Wayo ke nan, irin na mai ƙona rumbu don ya kashe ɓera. Malikiyya za su ƙirga maka ukun cif, ba kome sai ta auri wani. Ciyarwa ta faɗi, na yarda, amma wurin zama bai faɗi ba har idda ta cika, in gidan haya ne kai za ka biya. In kuma tana da ciki, ciyarwar ma ta dawo, har ranar da ta sauka. Ta haihu kuma, ga ladan shayarwa. E, abin da ka ji na faɗa: matar da aurenku ya ƙare tana da haƙƙin a biya ta don ta shayar da ɗanka. Ba wata ƙungiyar Turawa ce ta kawo wannan ba, aya ta shida ce a surar da muka ambata. Ka ce ba ka taɓa jin wanda ya biya ba? Ni ma ban cika ji ba. Rashin biya bai goge ayar ba.

Sai kuma mut'a. Zauna, Alhaji, ba wancan auren ba! Kyautar sallama ce da miji ke ba matar da ya saka don ya sanyaya mata zuciya, gwargwadon ƙarfinsa. A nan Malikiyya sun yi maka sassauci, sun ce mustahabbi ce, alƙali ba zai tilasta ka ba. Kuma kai da jin an ce mustahabbi sai ka fassara shi da a bar shi. Maroko ma Malikiyya suke bi, amma dokar iyalinsu ta 2004 ta sa alƙali ya ƙiyasta wannan kyauta bisa daɗewar aure da ƙarfin miji da dalilin sakin, miji ya ajiye kuɗin a kotu kafin a ba shi izinin saki. Ni dai a ganina sun fi mu gaskiya. Matar da ta shekara ashirin da biyar tana hura wuta a gidanka, ta tsufa a kan tukunyarka, a sallame ta da abincin wata uku ta koma ɗakin ƙaninta, wannan ba abin da za mu yi alfahari da shi ba ne, ko da littafi bai kama ka ba.

Mu zo kan yara, inda muryarka ta fi tashi. 'Ya'yana ne, a ba ni 'ya'yana! Naka ne, ba mai ja. Sunanka suke amsawa, gadonka za su ci, kai ne waliyyinsu. Amma riƙo na uwa ne: namiji har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare. Ba shekara bakwai ba, ba ranar yaye ba, kamar yadda ake faɗa a majalisar mai shayi. Kai kuma naka shi ne aljihu: abinci, sutura, magani, makaranta. Ka ce to in ta yi aure fa? Ga dariya ta kusa kai maka kunne. In ta auri bare ta tare, riƙo ya bar hannunta, gaskiya ne. Sai ya koma ina? Hannun mahaifiyarta. Surukarka, wadda ka daina gaisarwa. Bayan ita akwai 'yar'uwar uwa, akwai taka mahaifiyar, sannan a zo kanka. Layin da tsawo, kuma kana can baya riƙe da kuɗin makaranta.

Ka ce ba ka da hali? Alƙali ba ya ɗora wa mutum abin da ya fi ƙarfinsa, mai yalwa da yalwarsa, mai ƙunci da ƙuncinsa. Shi ya sa sau da yawa abin da ake yankewa a wata ba ya kai yaro ko'ina, da tsadar da a 2024 ko mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 ma bai cika buhu ba. Sai dai akwai abin mamaki: mutumin da ya rantse ba shi da na garin yara, bayan wata biyu sai ka ji an kai lefensa Doma, akwati shida.

Tunda an ambaci lefe, ka ce a dawo maka da naka? Na wa? Sadaki nata ne tun daga ranar da ta tare, lefe nata ne, kuma Suratun Nisa'i ta hana wanda ya yi saki don ra'ayinsa ya karɓi komai daga abin da ya bayar, ko da tsibi guda ne. Da ka sake ta kafin tarewa, da rabin sadaki ya dawo maka. Ka makara. Gado da katifa da kujeru da jeren kwanuka kuwa, ka san sarai wanda ya sayar da buhunan riɗinsa ya saya. Ranar da motar kwasar kaya ta tafi ne maigida ke gane cewa shekara goma baƙo ne shi a ɗakin, daga shi sai tabarmar salla da rediyo.

Hajiya, ke kuma dariyar me kike yi? Matso, naki ya zo. In aka yi gardama kan kayan gida babu shaida, hukuncin da ke cikin Tuhfa shi ne: abin da aka san na mata ne, naki ne da rantsuwa, abin da aka san na maza ne, nasa ne da rantsuwa, abin da kowa ke amfani da shi kuwa, nasa ne in ya rantse, don gidan nasa ne. Firji fa? Talabijin fa? Janareta fa? Kin ce da kuɗin adashinki aka saya? Madalla. Ina rasit? Kin ce da sunansa aka rubuta, don kada a ce kin raina shi? To ga girmamawa nan ta ci firji.

Kin ce ke kika sayi kwanon rufin gidan, kika biya leburori, kika sayar da awakinki aka yi filasta? Na yarda da ke ɗari bisa ɗari, amma ni ba alƙali ba ne. A 1992 Kotun Ƙoli ta yanke wata shari'a da lauyoyi ke kira Amadi da Nwosu. Miji ya sayar da gida, matar ta ce da guminta a ciki, ta ba da aiki da yashi. Kotu ta ce a'a, sai ta fayyace nawa ta sa, me ta saya, yaushe. Ba ta iya ba, gida ya tafi. A Musulunci dukiyarki taki ce, aure bai haɗa aljihunku ba, kuma wannan gata ne babba. Amma takobin kaifi biyu gare shi: yadda ba ya taɓa naki, haka ba ki taɓa nasa sai da hujja. In kin ba shi rance, ki ce rance ne a gaban mutum biyu. Kin ce kunya? Kunyar nan ita ce ta gina wa amarya ɗaki da kuɗin ƙosanki. Amma ga wani abu da za ki riƙe: watannin da yana da hali ya ƙi ciyar da ke, kina ci da kanki, bashi ne a kansa, kuma saki ba ya goge shi.

Alhaji, dawo, ban gama da kai ba. Ka ce kai ba za ka saka ba, in ta gaji ta fanshi kanta, ta biya ka duk abin da ka kashe? Na ga takardar lissafin: kuɗin na-gani-ina-so, kuɗin gaisuwar iyaye, goron ɗaurin aure, tsiren zance, katin waya, har man babur na zuwa Tudun Amba. Hul'i halal ne, kuma malamai sun yarda a yi shi da abin da aka daidaita a kai, ko ya fi sadaki. Amma asalinsa matar Sabitu ɗan Ƙaisu ce, kuma gonar da ya ba ta sadaki ita ta mayar, ba a haɗa mata da kuɗin zance ba. Shi ya sa alƙali ke fara tambaya: nawa ne sadakin? A nan za ka tuna ranar da wakilinka ya yi ta roƙo a rage, wai mafi ƙarancin sadaki ya fi albarka. Ga albarkar nan za a ƙirgo maka a hannu. In kuwa ta kawo shaidar duka, ko yunwa, ko ƙauracewa, Malikiyya sun ba alƙali ikon raba auren ba ta biya ko sisi ba. Ko ta riga ta biya, in ta tabbatar cutarwa ce ta sa ta fanshi kanta, kuɗinta ya dawo, saki kuma ya zauna.

Ɗan'uwana na Bukan Sidi mai zobe a yatsa, na ga kana murmushi, wai wannan rigimar masu rawani ce. Kai naka ya fi tsawo. Dokar ƙararrakin aure ta 1970 ba ta san saki da baki ba. Sai Babbar Kotu ta gamsu aure ya mutu murus, kuma kafin ya cika shekara biyu ba ka ma shigar da ƙara sai da izini na musamman. In rabuwar zama ce hujjarka, shekara biyu in ɗayan bai ƙi ba, uku in ya ƙi. An yanke ma, sai ka ƙara jiran wata uku kafin ta tabbata. Sashe na 70 ya ba kotu ikon yanka kuɗin kula, tana duban abin hannun kowa da abin da zai iya samu da halin da ya nuna, yara kuma har shekara 21. Sashe na 72 ya ba ta ikon taɓa dukiya yadda ta ga adalci ne. Adalci aka ce, ba rabi ba, kuma a aikace alƙalanmu sun fi tambayar wa ya sa me. In kai ma'aikaci ne, ana iya umartar a cire daga albashi tun kafin ya iso hannunka. Madam, kada ki yi guɗa: dokar ba ta ce miji kaɗai ke biya ba, in ke ce mai ƙarfin, shi ma yana iya nema.

Ka ce ai a coci aka ɗaura, don haka kana cikin wannan doka? Duba takardarka. In cocin ba shi da lasisin ɗaura aure, ko ba a bi ta wajen magatakardan aure ba, albarka aka sa muku, auren kuwa na al'ada ne. In kuma na rajistan ne da gaske, ka lallaɓa ƙauye ka ƙara ta biyu da kuɗin aure, dokar aure ta tanadar maka har shekara biyar a gidan yari.

Auren al'ada kuwa, na Eggon ne ko na Alago ko na Tibi ko na Migili, kowa da tsarinsa, amma galibi maganar tana komawa kan mayar da kuɗin aure, kuma dokar 1970 ta faɗa ƙarara cewa tanadinta na kuɗi da dukiya bai shafi wannan aure ba, bai kuma shafi na Musulunci ba. Nan ne mace ta fi fita hannu rabbana. Abin da ya rage mata shi ne yara: kotuna yanzu maslahar yaro suke sa wa gaba, kuma Nasarawa na cikin jihohin farko da suka karɓi dokar haƙƙin yara ta 2003.

Ka ce duk wannan takarda ce, wa zai kama ka? Da ɗan gaskiyarka, mata da yawa ba sa kai ƙara, wasu don kuɗin mota da na sammaci, wasu don kada a ce sun kai uban 'ya'yansu kotu. Amma akwai dokar hana cin zarafi ta 2015, wadda Nasarawa ta yi tata a zamanin Gwamna Abdullahi Sule. A ta tarayya, korar abokin aure daga gida da ƙarfi laifi ne, watsar da mata da yara ba abin ci kuma yana iya kai mutum shekara uku a ɗaure ko tarar naira 500,000. Wannan ba ta tambayar ta wace ƙofa ka shiga.

Ka ce kai fada za ka kai magana, a yi ta gida, manya su danne? Wace fadar? Ta Lafiya? Allah ya ja zamanin Sarki, Mai Martaba Sidi Bage Muhammad daga kujerar Kotun Ƙoli ya taso ya hau gadon sarauta a 2019. Je ka yi masa bayanin yadda idda ba ta wajaba a kanka ba, ni zan tsaya daga waje in riƙe maka takalmi.

Saura dabara ɗaya, na san tana ranka. Ka ce za ka bari sai ciwo ya kwantar da kai, ka ga alamar tafiya, sannan ka yi mata uku don kada ta ci gadonka? Malikiyya sun riga ka isa can. Wanda ya yi saki a ciwon ajali, matar tana gadonsa, ko idda ta cika, ko ta yi wani auren, ko aure biyu ta yi bayanka. Za ta zo ranar rabo da sabon mijinta ya rako ta a mota, a ware mata rabonta cikin tumuni, har da na filin Shabu in ƙannenka sun bari, kai kuwa a ranar ba ka da bakin ɗaukaka ƙara.